Sadisu Ba Ya Farawa da Guduma

Duk mazaunin unguwar Mansur a Makka ya san Sadisu sabbak, wato mai gyaran famfo, gajeren nan da ke shiga gidan mutane kansa a ɗage yana kallon silin kafin ya gama sallama. Taubashina ne, tare muka baro Maradi, shi ya sa nake faɗin maganarsa yadda na ga dama. Ubansa haƙar rijiya yake yi. Nakan ce masa tsoho ya ƙare yana neman ruwa a ƙasa, shi kuma ya ƙetaro teku yana nemansa a sama. Ni ke da motar kaya, don haka ni ke jigilarsa, ni ke shan haushinsa.

Haushin kuwa ba kaɗan ba. Wani ma'aikacin da an nuna masa silin na ɗiga, sai ya hau sama ya kama fasa tayil. Sadisu sai ya miƙe ƙafa, a kawo shayi, ya shiga tambaya kamar alƙali: yaushe yake ɗiga, da wari ko babu, su waye a sama. Ni ina waje rana na gasa ni.

Bara aka kira shi unguwar Utaibiyya, gidan Ammu Mukhtaru, wato Baffa Mukhtaru, dattijo haifaffen Makka wanda kakansa ya zo Hajji daga Kano bai koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Silin ɗin ɗakin baƙinsa ya kumbura, fenti na zuba a kan darduma. A sama akwai ɗan hayarsa Abdurrahim, tela ɗan Katsina, da matarsa Nuriyya da ta yi haihuwar fari, ko suna ba a daɗe da yi ba. Mai gyaran da ya fara dubawa ya ce sai an farfashe daɓen banɗakin sama gaba ɗaya, kuma banɗakin ke nan guda. Ammu ya ce su nemi wani wurin kafin Juma'a. Ina tela zai kai mai jego da ɗanyen jariri a garin nan? Abdurrahim ya tare mu a bene idonsa ja, wallahi ya ba ni tausayi.

Sadisu ya rufe famfunan gidan duka, ya kara kunne a bango, ya ce bututun da ke kawo ruwa lafiya lau. Ya toshe magudanar banɗakin, ya cika daɓen da ruwan bula, muka tafi azahar muka dawo. Ko ɗigon shuɗi bai sauko ba, ashe daɓen da ake shirin fasawa ba shi da laifi. Ya sake tambayar Ammu lokacin ɗigon, ya ce da safe da kuma la'asar, kamar mai shan magani. Sai Sadisu ya buɗe magudanar, ya ce mu jira la'asar. Na ce masa in zaman shayi ya zo yi ya faɗa mini in tafi.

Bayan la'asar ruwa ya fara ɗiga. Sadisu ya tara tafin hannu, ya dube ni ya ce da ɗumi. Muka hau, tun daga bene ƙamshin dafaffen darbejiya ya buge mu. Da mata suka kauce ya shiga banɗakin, ya zaro ganye daga magudanar, ya fashe da dariya.

Inna Batulu ce, tsohuwar da ke sayar da masa a Mansur, ta zo yi wa Nuriyya wankan jego. Takan tafasa ƙatuwar tukunya, ta gasa yarinyar da ganye, sannan ta juye sauran a magudana yana tururi. Bututun kuwa na roba ne, zafin ne ke sakin bakin gwiwarsa, wato mahaɗar da ke wurin lanƙwasa. Daga bayan labule ta taso wa Sadisu.

"In ban gasa ta ba wa zai gasa ta? Uwarta na Katsina, ɗan nan."

Ya ce, "Inna, gasa ta da kyau. Bututun ne bai haihu ba, shi za ki ƙyale."

Abdurrahim ya roƙe shi kada ya gaya wa mai gida, don in ya ji su suka jawo ɓarnar, korar ta tabbata. Ni ma na sa baki. Sadisu ya ce shi ba ya yi wa ruwa ƙarya, don gobe zai tona shi. Raina ya ɓaci sosai, na bi shi ƙasa ina zaginsa a zuci.

Ya yi wa Ammu bayani, ya miƙa masa ganyen. Dattijon yana shinshinawa, ni kuwa har na fara lissafin kayan telan da zan loda. Can ya ce mahaifiyarsa haka take yi wa yayyensa mata a soron gidan nan, da itace, yana yaro yana ɗebo mata ganye. Tun da ta rasu bai sake jin ƙamshin ba. Ya goge ido da gefen rawaninsa, ya dubi Abdurrahim.

"Ya waladi, ana ba ta kunun kanwa?"

Abdurrahim ya ce ana ba ta.

"To, khalas. Ba mai fita gidan nan."

Ta ƙasa Sadisu ya huda silin, rami bai fi faifai ba, ya sa sabuwar gwiwa mai jure zafi, ya ce Inna ta riƙa tace ganye ta sirka sauran ruwan kafin ta zubar. Ta ce ta ji, amma ba don shi ba. Nuriyya ta yi arba'in a ɗakinta, tayil ko ɗaya bai fashe ba.

Watan jiya Ammu ya sake kiran mu. Sadisu ya shiga yana kallon silin, bai ga komai ba. Dattijon ya ce ba ɗigo ba ne, bututun nasa banɗakin za a canza. 'Yarsa Raghad ta kusa haihuwa, kuma ya riga ya yi magana da Inna Batulu.