Labulen Audi

Duk shekarar da gasar ƙwallon duniya ta faɗo cikin damina, Unguwar Dosa sai ta canza kama. Masu Keke Napep su liƙa tutocin ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba sai bana, masu gwanjo su rataye riguna masu lamba a baya tun daga Kawo har kwanar Malali, mata masu gasa masara su matso da murhunsu duk inda aka ji ƙarar janareto. Ma'aikatan gwamnati kuwa, ƙarfe huɗu ba ta cika sai ka ga an fara sulalewa daga ofis, wannan suna za shi, wancan haƙori ke damunsa.

A tsakiyar wannan hidima Audi mai gidan kallo yake. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙaramin yatsansa na hagu a karkace tun zamanin da yake gola a ƙungiyar masaƙar da ya yi wa aiki shekara goma sha tara. Da aka rufe masaƙar ya gwada acaɓa, gwiwa ta ƙi. Malam Zakariyya, limamin layinsu, shi ya ba shi aron filin da ke jikin katangar masallaci, ya kafa rumfar kwano da benci takwas. Sharaɗi ɗaya Malam ya gindaya masa: ladan na ɗaga murya kallo ya tsaya, sai an yi sallama a ci gaba.

Talabijin ɗin Audi tsohuwa ce, in aka kashe ta sai ta yi minti biyar tana tunani kafin hoto ya dawo. Saboda haka matarsa Harira ta ɗinka masa labule da ragowar atamfar masaƙa. Ana kiran salla zai rage murya, ya ja labule, ya ɗauki buta. Shekara tara ke nan bai taɓa tsallakewa ba, har samarin unguwa in suna so a bar wata magana sai su ce a ja mata labulen Audi.

Bana ne abu ya zo da wuya. 'Yan kwamitin masallaci sun sa ido a filin, suna so su gina wurin alwala. Harira ta jiyo daga bakin Mero, matar liman, cewa Malam ya ce musu a dakata a ga ƙarshen gasa: mutumin bai taɓa karya alkawari ba, amma ranar da ya karya, shi ba shi da bakin kare shi. Ga kuma sabon gidan kallo da aka buɗe a Malali, mai fanka da kujerun roba, inda ba a tsayawa don kowa. Audi ya ji duka, ya ce shi dai ya san aikinsa, ya ci gaba da rubuta wasannin ranar da alli a allon ƙofa.

Ranar wani wasan fitar da gwani, ruwa ya ɗauke da la'asar, rumfa ta cika har wasu na tsaye a cikin taɓo. An fara ƙarfe biyar. Ɗaya da ɗaya aka yi ta ja har saura minti biyu a tashi, sai aka kayar da wani a gaban raga, alƙalin wasa ya nuna fenareti. 'Yan wasa suka yi masa caa, shi kuma ya ruga gefe ya sake duba abin a na'ura. A daidai nan ladan ya hura lasifika sau biyu, kamar yadda ya saba kafin kiran magariba.

Audi ya miƙe. Nazifi, wani matashin ma'aikacin sakatariya wanda bencin gaba ya zama kamar gadonsa, ya riƙe masa gefen riga.

"Baba Audi, don girman Allah, bugu ɗaya ne. Ai ladan ma da yana nan da ya jira."

"Da yana nan. To ba ya nan, yana can."

"Wallahi in ka ja, gobe duk Malali za mu koma."

"A gaida su. Sakar min riga, ɗana."

Ya ja labule. Rumfa ta kaure, wani ya ce tsufa ne, wani ya ce dama gola ba ya son ganin fenareti. Mutum shida suka kwasa da gudu zuwa Malali, tafiyar minti goma saboda bugun da ba zai kai minti ɗaya ba. Audi bai ko waiwaya ba. Ya yi alwala a tsanake, ya shiga sahu. Sauran suka tsaya kallon labule mai furanni, suka ga ba zai buɗe kansa ba, sai suka bi shi, Nazifi a ƙarshe yana ƙunƙuni.

Suna raka'ar farko ihu ya taso daga gidajen unguwa. Audi ya daɗe da sanin muryar layin nan. In ƙwallo ta shiga, ihun dogo ne, yana tashi gaba ɗaya, 'yan acaɓa su bi shi da ham. Wannan kuwa ya tashi ya yanke a tsakiya, ya sake tashi ya sake faɗuwa, daga nan sai tafin mutum biyu ko uku.

Ana sallama Nazifi ya kai hannu aljihu zai ciro waya. Audi ya ce ya bar ta, ba a ci ba: gola ya ture, aka sake bugowa ta yi waje. Nazifi ya ce ko dai Baba ya fara duba ne ba su sani ba. Suka ɗunguma rumfa, Audi ya yaye labule, sai ga shi ana maimaitawa, gola ya faɗi hagu ya ture, wani ya sheƙo ta sama da raga. Ɗaya da ɗaya, za a ƙara lokaci. Can daga baya mutum shidan da suka ruga Malali suka dawo suna haki, wanduna duk taɓo, ba su ga komai ba, aka yi ta yi musu sannu da zuwa daga ƙasar waje.

Sai aka ga Malam Zakariyya tsaye a bakin ƙofa da carbinsa. Shekara tara bai taɓa leƙowa ba. Samari suka nutsu.

"Audi, duk wannan bayani a wace raka'a ka tattara shi?"

"Allah gafarta Malam, ido na rufe wa, kunne ne Harira ba ta ɗinka wa labule ba."

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya taɓa labulen, ya zura yatsa a wata huda, ya ce wannan ya tsufa, a gaya wa Harira ta ɗinka sabo mai kauri wanda zai kai gasa ta gaba. Wurin alwala kuma, ya ce, bayan masallaci ya fi kusa da rijiya, zai gaya wa 'yan kwamiti da kansa.

Audi ya russuna ya yi godiya. Sannan ya ƙara wa talabijin murya, ya dubi agogo ya ga da sauran lokaci kafin isha'i, ya ce wa Nazifi ya matsa, yau shi ma a bencin gaba zai zauna ya kalli golan nan da kyau.