Kassian, Mai Zuwa a Ƙarshe

Tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Kassian ya gama tatsar shanunsa, ya ɗauki sanda ya hau duba hanyar da ke kaiwa cocin Maryamu can ƙololuwa. Inda ruwa ya zaizaye ya cike, inda dutse ya gangaro ya kawar. Da hunturu masu zamiya a ƙanƙara ke cika ƙauyenmu, da bazara masu ziyarar ibada, kuma ba mai tambayar wa ya gyara masa hanya.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mutumin da ya fi kowa sanin dutsen nan, kusan shekara arba'in bai taɓa riskar addu'ar ranar idin Maryamu ba. Me ke tsare shi? Da na tambayi matarsa Notburga, sai ta kwashe da dariya.

"Ai aikinsa ke nan, zuwa a ƙarshe! Sai an ce amin, an fara rabon burodi da cuku, ka hango shi tafe da wani mai ɗingishi."

Ashe duk ranar da ayarin masu ziyara ya tashi zuwa cocin, shi ke bin baya don kada a bar kowa a dutse. Mai gidan saukar baƙi ta ga ranar da ya goyo wata 'yar birni da ta hau da takalmin kwalliya, yana ce mata, "Baiwar Allah, ibada kika zo ko rawa?" Amma ba wanda ya taɓa jin ya ce wa wani ya yi sauri.

Kai ne gatan na baya, Kassian. Muna gaba muna waƙa, kai kana jiyo ƙararrawa daga nesa, ko ƙorafi babu. Notburga ce ta tona maka asiri, ta ce burinka ka ji waƙar buɗewa ko sau ɗaya kafin ƙafa ta gaza.

Bana gwiwa ta ce ya isa haka, wannan ne hawan Kassian na ƙarshe. Fada Ambros, limamin cocinmu, ya miƙa masa gicciye don ya shige gaban ayari.

"Fada, in na wuce gaba, wa zai ga wanda ya faɗi?"

Ya koma baya abinsa, ya rako wani dattijo mai sanda biyu. Sai da rana ta karkata suka iso. Ya tarar da jama'a cirko-cirko a waje, ƙofa a rufe, ko kyandir ba a kunna ba.

"Wa ya mutu?" ya tambaya.

"Ba kowa, sarkin latti," in ji Notburga tana share hawaye. "Kai muke jira."

Ni ma ban iya riƙe nawa hawayen ba. Aka buɗe ƙofa, waƙa ta tashi, amma kafin ya sa ƙafa ciki sai da ya waiwaya ya duba hanya.

Mun gode, Kassian, Allah ya saka da alheri. Ku kuma samarin ƙauye masu rige-rigen riƙe gicciye, baɗi ba kowa a bayan ayari. Wa zai tsaya?