Baƙin Dutsen Uwar Mijina

Mu uku ne a gonarmu ta garin Maijirgi ranar: ni, ƙanwata Hadiza, da uwar mijina. Uwar mijina ta tsinci dutse baƙi ƙirin kamar gawayi, mai warin toka, ta ce, "Ɗiyata, wannan daga sama ya faɗo." Ta adana shi a ƙwarya. Gari ya ce tsafi take, ni ma na zarge ta. Da ta rasu, na binne dutsen ƙarƙashin rumbu.

Rannan jikata, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ta ce masana sun gano ƙaton baƙin dutse yana kewaya rana, guntayen irinsa kan faɗo ƙasa. Sai da na sa ta maimaita. Ashe tsohuwa gaskiya ta faɗa.

Allah ya yafe min, ya haskaka kabarinta. Washegari na tono dutsen, na mayar cikin ƙwaryarta.