Ranar da Na Juya Gicciyen Kaka

Akwai wata Asabar a Riruwai da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Lokacin ina aji uku na sakandare, ba ni da yawan magana, ba ni da aboki sai littafi.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Kirista, muna kiranta Kaka, ita kuma tana tsokanata da Maigida. Haƙar kuza ce ta kawo mijinta garin, da ya rasu ya bar mata akwati cike da littattafai. Ni kaɗai ta yarda in buɗe akwatin nan. Mahaifiyata kuwa ta kafa mini sharaɗi: "Kada ka taɓa kayan addinin mutane. Ranar da aka kawo mini ƙararka, kai da gidan nan har abada."

A bangon ɗakin Kaka akwai gicciye na katako, an sassaƙa mutum a jikinsa, kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Abin ya daɗe yana damuna, don na ga na saman cocinsu, ba haka yake ba. Kunya ta hana ni tambaya. Sai na yanke wa kaina cewa idon Kaka ne ya yi rauni ta rataye shi a juye. Ni kuwa ko littafi na gani a karkace sai na daidaita shi.

Ran nan na je mayar da littafi, na tarar ba ta ɗakin. Na sauke gicciyen, na kwance igiyar, na ɗaura ta a ɗaya ƙarshen, na mayar. Ina ja da baya ina duba ko ya miƙe, sai ga Kaka da wata mata 'yar cocinsu. Ashe ɗaukarsa suka zo yi, washegari ake bikin waliyyin da cocin ke ɗauke da sunansa.

Matar ta dafe ƙirji. "Wannan ai raini ne! Bari in kira uwarsa."

Na tuna sharaɗin mahaifiyata. Kaka ta riƙe mata zane. "Tsaya tukuna. Maigida, me ya yi maka?"

Na ce, "Na ga kansa a ƙasa ne, Kaka. Na zaci kuskure ne."

Kaka ta yi dariya har da tari. "Ka ji mai tausayi! Bawan Allah da bakinsa ya roƙi a juya shi, kai ka zo ka hana."

Ta zaunar da ni. Ta ce wannan Bitrus ne, masunci, ɗaya daga cikin manzannin Yesu. Ranar da aka kama Yesu, tsoro ya sa ya rantse sau uku bai san shi ba, da zakara ya yi cara ya fashe da kuka. Daga baya Yesu ya yafe masa. Bayan shekaru, da za a gicciye shi a Roma, ya ce bai isa ya mutu irin mutuwar Ubangijinsa ba, a juya shi. Mijinta ne ya sassaƙa shi haka.

Tsoro ya sake ni, son sani ya kama ni. "To me ya sa kuka zaɓi wanda ya yi musu? Ba wanda bai taɓa zamewa ba?"

"Wanda bai taɓa zamewa ba ai ba zai san zafin kunya ba," in ji ta. Ta juya ga matar. "Gobe za mu yi bikin wanda aka yafe wa, yau kuma mu kai ƙarar yaro? Ba inda za ki."

Matar ta yi ƙwafa ta zauna. Ni na mayar da Bitrus yadda na same shi, Kaka na cewa in ɗaure da kyau, kada ya faɗo ya ji ciwo. Da zan fita ta ce in ɗauki wani littafin.

Tun daga ranar, in na ga abu a juye a gidan mutane, bakina nake fara buɗewa kafin in miƙa hannu. Sau da yawa mai abin ya san dalilin da ya sa ya ajiye shi haka, ni ne ban tambaya ba.