Narkakken Ƙarfen Dakta

Lokacin da nake digiri na biyu a Samaru, wani Dakta aka ba ni ya duba aikina. A Turai ya yi karatu, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ko ina kwana ka ce masa, sai ya sako maganar sanyin can. A ofishinsa akwai kwamfuta lulluɓe da ƙyalle mai ado, ban taɓa ganin ta a kunne ba.

Aikina shi ne in jera ƙwayoyin zarra na jan ƙarfe da na alminiyum a cikin kwamfuta, in manna su da juna, in ga yadda za su motsa. Masana sun riga sun fitar da lissafin yadda ƙwayoyin kowane ƙarfe ke jan 'yan uwansu da ture su. Abin da ba ni da shi shi ne na tsakani, wato yadda ƙwayar wannan za ta yi da ta wancan. Na je na tambayi Dakta.

Bai ko ɗago daga jaridarsa ba. "Haɗa lambobin ƙarafan biyu ki raba gida biyu. Wannan har abin tambaya ne?"

"Yallaɓai, littattafan da na duba sun ce ƙarafa ba sa..."

"Ke yarinya, ni za ki karanta wa littafi?"

Na yi yadda ya ce. Kwamfutar sashenmu ta yi ta nishi, ana ɗauke wuta ina sakewa, har sakamako ya fito. Ƙarafan nan biyu suna taɓa juna suka dagargaje, suka cakuɗe kamar kunu, alhali zafin da na sa musu bai wuce na ɗaki ba. Na kai masa hotunan, na ce lissafin ne ya lalace. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Lalacewa? Ai sabon ilimi ke nan muka gano!"

A taron sashe na gaba ya sha babbar riga, ya tsaya gaban allo ya sanar cewa bincikensa ya nuna jan ƙarfe da alminiyum suna narkewa da zarar sun haɗu. Ina zaune a baya ina jiran wani ya ɗaga hannu. Manyan malamai ne cike da ɗakin, kuma na san da yawansu sun gane shirme ne. Ɗaya yana gyangyaɗi, ɗaya yana ta leƙen kwalin lemon da aka ajiye a bakin ƙofa. Da ya gama suka tafa masa raf-raf, har wani ya ce wannan abin alfahari ne ga ƙasa.

A Muchia nake zaune wurin gwaggona, saboda haka kullum da yamma in na sauka daga mota sai in biya wani shagon intanet a Sabon Gari. Ana buga janareto, samari suna ta hira da Turancin kasuwa, ni kuma ina jiran shafi ya buɗe. A nan na samo lissafin da wasu masana suka fitar musamman don ƙarafan biyu. Na kwafe shi a faifai, na sake aikin. Ƙwayoyin suka zauna daram, sai 'yan kaɗan da suka ratsa iyaka, kamar yadda ya dace.

Da na nuna masa, ya daɗe yana kallon takardun. Sannan ya gyara hula.

"Ai na gaya miki tun farko raba biyu ba zai yi ba. Ku ɗaliban yanzu ba kwa saurare."

Na ce, "Haka ne, yallaɓai."

Ya sa sunansa a gaban nawa a kan aikin. Maganar narkewa kuwa babu wanda ya sake tayar da ita, har waɗanda suka tafa. Ba a jima ba aka ba shi Farfesa. An aiko mini da katin walima, ranar na zauna gida na taya gwaggona tsince shinkafa.