Takardar da Baba Ya Ƙi Dangwala wa Yatsa

Ranar wata Litinin ce bayan an gama yankan gero, shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, kamiyon Hamani, wata babbar motar kaya, ya gyara mini tafiya gyaran da har yau nake amfani da shi. Mu mutanen Tibiri ne, Gobirawa, kuma lokacin wani kamfani yana zuba jar ƙasa a hanyar da ta haɗa mu da Maraɗi. An aike ni kai wa Inna ƙullin gyaɗa cikin tasa bakin hanya, ni kuwa na ajiye tasar gindin wani gawo na bi garena, wata tsohuwar gangar keke da nake korawa da kara. Rana ta yi tsaka, can gaba hanya tana walƙiya kamar an malala ruwa, ina ta gudu ina cewa yau sai na taka ruwan nan. Ban ji ƙugin mota tana ja da baya ba. Ƙofar bayanta ce ta kuɓuce ta same ni a cinya, na tashi sama, kuma rantsuwa zan iya yi na daɗe a can, don na ga rumbunan garinmu jere kamar tukwane a kife, na ga gulbi ya kwanta yana barci tsakanin gonakin taba.

Da na sauko, fuskar wani dogon baƙin mutum na gani a kaina yana kuka da Hausar da ba ta nuna ba. Shi ne direban, Hamani, Bazabarme daga yamma. Ya saɓa ni a kafaɗa har ƙofar gidanmu. Baba ya fito da sanda, maƙwabta suna riƙe shi, amma da ya ji bakin mutumin sai sandar ta sauka da kanta. Ku yaran yanzu ba lalle ku gane ba: Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne tun kakanni, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi, ba a ƙara, ba a riƙo tsakaninsu. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ashe bawana ne. Wa ya ba Bazabarme mota, ga jakuna a gari?"

Aka kira maɗori ya ja ƙafar, ya ɗaure ta da karan dawa, aka shimfiɗe ni a zaure. A nan na ci wata uku. Na san kowace tsaga ta azarar rufin, na raɗa wa ƙadangaru biyu suna, ina jin sussukar mata daga cikin gida kamar ganga mai nisa, ina jin 'yan ajinmu suna wucewa suna rera ƙidayar Faransanci. Ni ma nan tawa ƙidayar ta tsaya, shi ya sa in kun ga rubutun nan yana ɗingishi, to gado ya yi.

Kwana huɗu da faruwar abin sai ga Kawu Ide, ƙanen Inna, mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Jiratawa, bisa kekensa, da takarda cikin aljihun gaba. Ya taɓa cinyar, ya ce karayar ta yi kusa da ƙugu, kara ba zai riƙe ta daidai ba, sai an kai ni babban gidan likita an sa ƙarfe, in ba haka ba ƙafar za ta gajarce. Ya ce kuma ba Baba zai biya ba, ba Hamani ba: kamfanin yana da abin da ake kira asiransi, wasu mutane ne can a ofis da aikinsu ke nan, biyan wanda motar ta raunata. Abu ɗaya ake so, Baba ya dangwala yatsa a takardar jandarma, masu tsaron hanya, wadda ta faɗi yadda aka yi. Baba ya sa aka karanta mishi. Da aka zo kan sunan Hamani sai ya ɗaga hannu. Kawu ya yi bayani da Hausa, ya koma Faransanci, ya zana da kara a ƙasa: ga yaro, ga direba, ga na uku can gefe mai biya. Baba ya dubi zanen ya ce shi mutum biyu ya gani a hanya ranar nan, na ukun bai san gidan ubansa ba, kuma sunan abokin wasa ba zai shiga takardar hukuma da yatsansa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Hamani da kansa ya zo roƙo. Ya durƙusa a zauren nan gabana, hula a hannu, ya ce, "Bagobiri, don Allah sa hannu, ba abin da za a yi mini. Ko an yi, ƙafar yaro ta fi." Baba ya yi dariya har da tari ya ce, "Yaushe bawa ya fara ba ubangijinsa oda? Tashi ka ci tuwo." Inna tana bayan zana, na ji ta ajiye taɓaryarta. Kawu ya naɗe takardarsa ya hau keke, bai ƙara taka gidanmu ba sai da Sallah ta zagayo.

Hamani kuwa kowace Juma'a yana tafe, har aka gama hanyar, har bayan an gama. Ya kawo rake, ya kawo ƙafar sa a dafa mini, ya ƙera mini mota ta waya mai ƙofar baya da ba ta buɗewa. Ranar da aka kwance karan, shi ya riƙe ni na miƙe. Ƙafar dama ta gaza ta hagu da yatsa biyu. Na gan shi ya duba, ya dubi Baba, Baba ya dubi rufi. Ba wanda ya yi wasa ranar.

Bara wani ɗan kabu-kabu ya buge jikana a Sabon Gari. Kafin in iso da sandata an ɗauki hoto da waya, an rubuta takarda, ba wanda ya tambayi kowa garinsu. Ni na fara cewa a sa hannu, da ƙarfi ma, har ɗana ya ce, "Baba, ai an sa tun ɗazu." An yi wa yaro aiki, yanzu ƙwallo yake bugawa a Zariya, ƙafa miƙe kamar taɓarya. Wanda ya buge shi ko sunansa ba mu riƙe ba.

Ƙafar jikana ta fi tawa, wannan ba gardama. Ni dai in hadari ya haɗo, ƙashin ya fara tsami, mutanen nan biyu, Baba da Hamani, nake gani zaune a zaure suna zagin juna a kan kwano ɗaya, kuma na yi shekara sittin ina neman wanda zan ji haushi cikinsu ban samu ba.