Jinin Lamba Sittin da Huɗu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye gaban firiza da safar hannu maigidanki ya kira ni ya ce kin cika. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na faɗa da baki, amma sai da mai shara ta zo ta rufe ƙofar firizar, don na bar ta buɗe tana ta kuka ban ji ba.

Yaya, shekara tara na yi a ƙarƙashinki a ɗakin gwajin nan. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma tun makona na farko da na fasa miki kwalabe arba'in kika ce, "Ƙanwata, hannunki ne ke rawa, kanki lafiya lau, ɗauko tsintsiya," ban sake ce miki Dakta ba.

Aikinki a kan masu ciwon gaɓoɓi ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ci mai ita. Akwai allurar zamani da ake haɗawa daga ƙwayoyin halitta masu rai, wadda kan tayar da wanda ya kwanta. Sai dai wasu, bayan shekara ɗaya ko biyu, jikinsu kan ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, ya kashe shi tun bai yi aiki ba. Likita ya ga ciwo ya dawo, sai ya ƙara yawan allurar, ko ya ce mara lafiya ne ke wasa da ita. Ke kika ce a tambayi jini, kika kwashe shekara shida kina haɗa gwajin da zai nuna gaskiya.

Ina tuna wata tela da ta shigo tana hawaye, likita ya yi mata tatas. Kika zaunar da ita, kika riƙe yatsunta da suka kumbura har suka yi ɗumi, sannan kika nuna mata naki. Ciwo ɗaya kuke yi, allura ɗaya ake muku. Ni ke buɗe miki murfin kwalba, kina tsokanata wai an ɗauke ni aiki ne a matsayin yatsu.

Ƙa'idarki guda ce, ba ki taɓa sassauta ta ba: mai gwaji ba ya sanin jinin wa ke hannunsa. Lamba kawai nake gani. Littafin da ke haɗa lamba da suna yana kulle a aljihun teburinki. Duk wata sai jinin lamba sittin da huɗu ya zo, duk wata sakamakon ya fi na baya muni. Ranar nan na ce, "Yaya, mai wannan jinin fa ruwa kawai ake ɗura masa. Ba mai tausaya masa ne?" Kika ce, "Rubuta abin da kika gani, ki bar tausayi ga masu sa hannu."

A asibitin nan ba a sauya wa mutum allura bisa gwajin da kwamiti bai amince da shi ba, kuma takarda ba ta isa kwamiti sai Shugaban Sashe ya sa hannu. Wata goma sha huɗu takardarki ta yi a teburinsa. Na gan ta da idona, kofin shayinsa ya yi mata zobe. Kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa. Kin ce mini lalaci ne irin na manya, na yarda.

Kwana uku da rasuwarki maigidanki ya kawo mini makullin aljihun. Na buɗe littafin. Lamba sittin da huɗu sunanki ne, da rubutun hannunki, tun lokacin da yake miƙe har ya fara karkacewa. Shekara biyu ina auna mutuwar maganinki, ina kawo miki sakamako da fara'a, ciwon kuma yana haurawa huhu. A ƙarƙashin littafin akwai wasiƙar Shugaban Sashe. Bai ɓoye ba: zai sa hannu ranar da aka cire sunan mai gwaji daga takardar aka sa nasa. Mai gwajin ni ce. A gefe kin rubuta kalma biyu: "Ba hali."

Na san ajali ba ya jiran sa hannun kowa, ban kuma ce allura ta biyu za ta ƙara miki ko yini ɗaya ba. Amma da ta rage miki azaba, da kin iya ɗaure wa 'yarki igiyar takalmi da kanki. Ina jin haushin Shugaban Sashe, kuma Allah Ya yafe mini, ina jin haushinki. Me sunana zai yi mini? Da kin tambaye ni, da ni zan goge shi da hannuna. Kin saya mini abin da ban nema ba, da abin da ba zan iya biya ba.

Kwana takwas bayan an rufe ki Shugaban Sashe ya sa hannu. Ya tara mu ya ce an yi rashin jaruma, har muryarsa ta yi rawa. Sunansa ne a sama, naki na biye da "marigayiya" a gabansa, nawa babu. Makon jiya aka gwada telar nan, aka sauya mata allura. Ta tambaye ni ina Dakta.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk wanda gwajin nan ya sauƙaƙa wa ya zama lada mai gudana gare ki. Ga maigidanki, da 'yarki, da mahaifiyarki da ta tsufa ta ga wannan rana, Allah Ya ba ku haƙuri Ya tsaya muku. Wanda ya riƙe takardar, na bar shi da Wanda ba a ɓoye wa takarda.

Kwalabenki ashirin da huɗu suna nan a firiza. Akwai ta ashirin da biyar, wadda kika kawo ranar Litinin ɗin ƙarshe. Ƙa'idarki ta ce mai gwaji ba ya taɓa jinin da ya san mai shi, don haka ban taɓa ta ba.